Zuwa ga ƴan uwanmu na waje: maganar ƙullutun gwiwa da kuɗin da kuke aikowa

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne, na Abijan, Lome, Kwatano, Legas, Libiya har Faransa. Kwamitin ƙungiya a nan Tawa na gaishe ku. Allah shi ba da sa'ar biɗa.

Abin da ya sa muka rubuto, wani ƙanenmu ne ɗan kokowa da ƙullutu ya fito ma a gefen gwiwa ta waje, tauri gare shi, yana ƙaruwa in ya sha aiki, yana raguwa in ya huta. Yayansa da ke waje ya yi ta aiko kuɗi, kuɗin kuma suka tafi ga ƙaho, da sakiya, da ƙwayoyin kashe zafi na kasuwa. An huda, wani ruwa mai yauƙi ya fita, gida aka yi murna, ba a jima ba abu ya dawo. Da aka tashi kai shi Yamai tsugunawa ta gagare shi, salla ma sai bisa kujera.

Ga abin da likitocin ƙashi ke bayani. Cikin kowace gwiwa akwai guringuntsi biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, da suke zaune kamar gammo tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. Murɗewar ƙafa wajen kokowa ko ƙwallo, dako, yawan tsugunne, ko kuma shekaru, kan sa guringuntsin ya tsage. Ruwan gaɓa sai ya bi tsagar ya fita gefe, ya taru, ya kasa komawa. To, ƙullutun ke nan. Ciwon yana ga tsagar, shi ya sa ko a asibiti aka zuƙe ruwan da allura sau da yawa yakan sake taruwa. Sakiya kuwa ita ce ta fi tayar muna da hankali, don ƙullutun a haɗe yake da cikin gaɓa, ƙazanta in ta shiga za ta iya ruɓar da gwiwa gaba ɗaya. Ba mu raina wanzamai da maɗora ba, iyayenmu ne, amma wannan ba hurumin aska ba ne.

Hoton radiyo ƙashi yake nunawa, ba ya nuna guringuntsi. Hoton IRM, na wata babbar na'ura mai nuna nama da guringuntsin cikin jiki, shi ne ke fito da tsagar da girman ƙullutun, kuma mutanenmu Yamai suke zuwa nemansa, tafiyar da ta haura kilomita 500 ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso.

Ba kowane ƙullutu ake yi wa aiki ba. Wanda ba ya ciwo, likita na iya cewa a bar shi a sa ido. In ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko gwiwa na maƙalewa, sai tiyata. Galibi allurar baya ake yi, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu. Inda akwai kayan aiki, ƴan ƙofofi biyu ake hudawa a gaban gwiwa, a zura ƙaramar kamara ta ɗaya, kayan aiki ta ɗayar, a datse gefen da ya yage, a buɗe hanyar ƙullutun ya zube ta ciki. In babba ne, a kan tsaga daga waje a cire shi. In kuwa tsagar tana can bakin guringuntsi inda jini ke kaiwa, ɗinkewa ake yi, kuma likitoci sun fi son haka, musamman ga matashi, domin duk abin da aka cire ba ya tsirowa, kuma gwiwar da ta rasa guringuntsi da yawa kan kamu da ciwon gaɓa da wuri.

Jinya ta bambanta, ku riƙe wannan da kyau. Wanda aka datse wa yakan taka ƙafa cikin ƴan kwanaki. Wanda aka ɗinke wa kan yi mako 4 zuwa 6 da sanduna, kuma watanni ba tsugunne ba kokowa. Ga kuma motsa gwiwa wurin kine (ma'aikacin lafiya mai taimaka wa marar lafiya motsa gaɓa), wanda shi mutanenmu suka fi yankewa in kuɗi ya ƙare. Don Allah kada a matsa wa yaro ya koma gona ko ya kama hanyar Kwaddibuwa don kawai miki ya rufe.

Saboda haka kwamiti ya tsai da shawara: duk mai ɗan uwa da irin wannan ciwo, ya sanar da mu kafin ya tura kuɗi. Asusun lafiya na ƙungiya zai fara da kuɗin mota da ganin likita da hoto. In an sa ranar aiki, za mu turo muku takardar asibiti a zauren WhatsApp, a yi karo-karo har da kuɗin kine da masauki. Ƴan uwanmu mazauna Yamai sun yarda su riƙa tarbar marar lafiya a tasha.

Ƙanen namu an yi masa hoto, yana jiran ranar aiki, muna roƙon addu'arku. Wakilan garuruwa, ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba a taronku na wannan wata, ku aiko muna da sunayen masu son sa hannu.

Wassalam,
Kwamitin ƙungiya, Tawa