Wasiƙar godiya ga ofishin da ke kula da hasumiyar fitilar Hatteras

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Hukumar Gandun Ƙasa ta Amurka, ofishin gaɓar Cape Hatteras, jihar Karolina ta Arewa.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ranar 16 ga Disamba 2020 hasumiyar fitilar Hatteras ta cika shekara 150 da kunna wutarta ta farko, mutanen ƙauyen Buxton da sauran ƙauyukan tsibirin Hatteras kuma suka yi murnar wannan rana. Mu ma'aikatan gini ne da gyaran tsofaffin gine-gine, kuma mun rubuto ne don mu gode muku a bainar jama'a. Ba don shawarar da ofishinku ya tsaya a kanta a 1999 ba, wato ɗaga hasumiyar ɗungurungum a kai ta nesa da ruwa, da wuya a ce ta kai wannan shekaru a tsaye.

Hasumiyar ta jan bulo ce, tsayinta kusan ƙafa 198, babu wadda ta kai ta tsawo cikin hasumiyoyin bulo na Amurka. An gina ta ne don gargaɗin jirage game da tudun yashin Diamond Shoals da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa, inda jirage masu yawan gaske suka nutse har ake kiran wurin maƙabartar Atlantika. A 1870 tazararta da ruwa ƙafa 1,500 ce. Zuwa 1970 saura ƙafa 120 kacal.

Ainihin haɗarin yana ƙarƙashin ƙasa, kuma wannan ne abin da mutane da yawa ba su gane ba. Magina na farko, ƙarƙashin Dexter Stetson, sun kasa kafa turaku masu zurfi saboda taurin yashin wurin. Sai suka haƙa rami, suka shimfiɗa manyan katakai a gicciye, suka ɗora duwatsun giranit a kai, sannan bulo. Katakon nan yana nutse cikin ruwan daɗi na ƙarƙashin ƙasa, kuma muddin iska ba ta taɓa shi ba, ba zai ruɓe ba. Amma idan teku ta cinye yashin gefe, ruwan daɗin zai tsiyaye, ruwan gishiri ya shigo da ƙwarin da ke cin katako. Daga nan harsashi zai sauka ta gefe ɗaya. Bulo kuwa yana jure nauyi daga sama amma ba ya jure ja, saboda haka karkata kaɗan ta isa ta tsaga ginin.

An gwada tare tekun shekara da shekaru. An gina katangu masu kutsawa cikin ruwa don riƙe yashi, an jibge buhunan yashi, an zuba sabon yashi a gaɓa. Tsakanin 1936 da 1950 ma sai da aka bar hasumiyar aka mayar da fitilar kan wata ta ƙarfe. Duk wannan jinkiri kawai ya sayo, domin tsibirin kansa yashi ne mai matsawa yamma sannu a hankali. Da a ce an gina katanga kewaye da hasumiyar, da ta mayar da ita tsibiri a tsakiyar igiyar ruwa, ruwan kuma ya riƙa raraken gindin katangar. Masana na Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa sun ba da shawarar matsarwa a 1988, masana Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa suka sake tabbatar da ita a 1997. Mutanen yankin da dama sun ƙi, har aka kai ƙara kotu, kuma ba mu ga laifinsu ba: wanda ya tashi yana ganin hasumiya a bakin ruwa, dole gabansa ya faɗi in aka ce za a tura ta a kan tayoyi. Godiyarmu ta farko ke nan, da kuka saurari tsoronsu amma ba ku sauka daga kan hujja ba.

Ta biyu ta tsarin aikin ce, kuma a nan dole a ambaci kamfanin International Chimney da abokin aikinsa Expert House Movers. An fara da zuƙe ruwan ƙasa da famfo don a samu busasshen wurin aiki. Sannan aka riƙa yanka dutsen harsashi da waya mai lu'ulu'u, kashi-kashi, ana cire yanki ana cusa ginshiƙin ƙarfe a gurbinsa kafin a taɓa na gaba. Dutsen da aka cire ya kai tan 800. Babu lokacin da aka bar wani sashe na ginin a rataye ba tallafi, kuma a nan ne galibin irin wannan aiki ke lalacewa, idan gaggawa ta sa aka buɗe wuri mai faɗi a lokaci guda.

Da aka gama, aka saƙa manyan ƙarafa a ƙarƙashi, aka jera jak 100 masu aiki da matsin mai, aka ɗaga ginin mai nauyin tan 4,830 sama da kimanin ƙafa 6. Hikimar tana cikin yadda aka haɗa jak ɗin: an raba su rukuni uku, kowane rukuni matsin mansa ɗaya. Tukunya kan murhu mai duwatsu uku ba ta rawa ko ƙasar ba ta daidaita ba, haka hasumiyar ta zauna. In ƙasa ta ɗan sauka a ƙarƙashin wani jak, mai ya kwarara gare shi daga 'yan rukuninsa, nauyin bai taru a wuri ɗaya ba balle bango ya tsage.

An daddale hanyar, aka shimfiɗa mata faifan ƙarfe da layukan dogo. Jak biyar ne ke turawa daga baya, ƙafa 5 a kowane turi, sannan a janye su a sake maƙala su gaba. Dogon da aka wuce a kwance shi a kai gaba. Sabulun wanka aka goga wa dogon don ya yi santsi. Na'urorin awo 60 a jikin hasumiyar suna auna nauyi da karkata da girgiza, a ƙoli kuma akwai ma'aunin iska. An tashi ranar 17 ga Yuni 1999, aka isa ranar 9 ga Yuli, kwana 23, tafiyar ƙafa 2,900 zuwa kudu maso yamma. Sabon harsashin faifan kankare ne mai rodi, ƙafa 60 tsawo, 60 faɗi, kauri ƙafa 4, da jerin bulo a kansa. Ƙarshen Agusta guguwar Dennis ta afka wa gaɓar, ta tarar da hasumiyar ƙafa 1,600 daga ruwa. Aka sake kunna fitilar ranar 13 ga Nuwamba. Kuɗin aikin duka dala miliyan 11.8.

Wani abu ya ƙara mana girmama ku. Ba hasumiyar kaɗai kuka ɗauka ba. Gidajen masu tsaron fitila biyu, da ɗakin ajiyar mai, da tankunan ruwa, duk an kwashe su an ajiye kowanne a irin matsayin da yake da shi a da dangane da hasumiyar. Duwatsun tsohon harsashi kuma an sassaƙa sunayen masu tsaron a kansu. Da an ga dama a bar waɗannan a ce ƙananan abubuwa ne, amma da zuriyar mutanen da suka hau matakala 257 da galan na mai a hannu ba su sami abin nuna wa jikokinsu ba.

Muna kuma yaba wa babban gyaran da kuka ba kamfanin Stone & Lime, na kimanin dala miliyan 19. Iskar gishiri tana cin ƙarfe, tsatsa kuma in ta kumbura a cikin bango sai ta fasa bulo, tsohon fenti mai kauri yana riƙe laima a ciki. Kankare fentin har ƙasa da gyara ƙarafan matakala da tagogi da ɗakin fitila shi ne maganin gaskiya, ba shafa sabon baƙi da fari a kan ciwo ba.

Roƙonmu ɗaya ne: ku ci gaba da auna tazarar gaɓa kowace shekara kuna sanar da jama'a, ku kuma adana zane-zane da bayanan awon 1999 inda magina masu tasowa za su same su, domin gaɓar ba ta daina zaizayewa ba.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. A huta lafiya.

Naku,
Wasu magina da injiniyoyin gyaran tsofaffin gine-gine