Ƙorafi zuwa ga kamfanin da ke kawo mana wayoyin tokumbo Bauchi

Ranka ya daɗe Manaja, assalamu alaikum.

Mu masu gyaran waya ne a cikin garin Bauchi, kuma kayanku ne suka fi dawowa teburinmu da ƙorafi iri ɗaya: waya lafiyarta ƙalau, amma ta daina karɓar sabuntawar manhaja. Dalili shi ne kuna sayar da wayoyin da kamfanonin layi na Amurka suka yi wa nasu tsarin, ba ku faɗa wa mai saye ba.

Ɗauki Galaxy S21. Wadda aka yi wa kasuwar duniya lambarta SM-G991B, ta kamfanonin layin Amurka SM-G991U, wadda ba ta ƙarƙashin kowane layi a can kuma SM-G991U1. A ido duk ɗaya ne. Amma idan Samsung ya fitar da gyaran tsaro, mai lambar da ta ƙare da U ba ta samu sai kamfanin layin da ya sayar da ita ya gwada ya sake shi, kuma kowanne da lokacinsa. Ta AT&T ta fi wahalar da mutane, domin sau da yawa tana son ganin layin AT&T kafin ta sauke komai. Mai layin MTN ko Airtel a Wunti zai yi ta danna neman sabuntawa, wayar tana ce masa komai daidai yake, alhali kwanan watan tsaronta ya tsaya tun ranar da ta bar Amurka. A wannan wayar yake buɗe manhajar banki yana tura kuɗin jama'a. Masu iPhone ba su san wannan ciwon kai ba, Apple na tura wa kowa lokaci guda.

Ganewa ba ta cin minti ɗaya. A danna *#1234#, a duba lambar samfuri da lambar yanki a saitin wayar: ATT (AT&T), VZW (Verizon) ko TMB (T-Mobile) na nufin ta kamfanin layi ce.

Gyaran ne mai haɗari. Muna iya yi wa mai U filashin, wato sauya mata manhaja da ta U1, ta kwamfuta da Odin, manhajar da ake yin wannan aiki da ita a wayoyin Samsung, amma sai lamba ta biyar daga ƙarshen sunan manhajar ta yi daidai da ta wayar ko ta fi ta, don ba a komawa baya. A cikin fayilolin da ke zuwa da manhajar, wanda ya zaɓi mai suna CSC maimakon mai suna HOME_CSC ya share hotuna da lambobin mai waya kaf. Manhajar B kuwa ba ta hawa mai U sam, domin ƙwaƙwalwar da ke sarrafa su daban ce: mai U Snapdragon ce a cikinta, mai B Exynos. Yaran da ke koyon aiki suna kashe wayoyin mutane a nan, laifin kuma a kanmu yake faɗawa.

Don Allah ku riƙa rubuta cikakkiyar lambar samfuri a rasit, har da harafin ƙarshe, ku raba farashin mai U da mai B. Waɗanda za a iya mayarwa U1 ku mayar da su a ma'ajiyarku kafin su iso kanti. Wanda ya saya bai sani ba, ku ba shi damar canji. Dokar kare masu saye ta 2018 ta ba shi haƙƙin sanin abin da yake biya wa kuɗi, kuma in ba mu ji daga gare ku ba za mu kai maganar gaban FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya.

Wassalam,
Wasu masu gyaran waya, Bauchi