Wasiƙa daga Bakin Teku a Wales

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da su Baba da mutanen Bukuru baki ɗaya. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, karatu ne ya sha mini kai. Yanzu da muka samu hutu na ɗan zaga, kuma na je wani ƙauye da tun da na sa ƙafa a cikinsa kai kake faɗo mini a rai.

Sunansa Porthgain, yana gaɓar teku a yankin Pembrokeshire na Wales, a Birtaniya, ba nisa da garin St Davids. Ƙauye ne da za ka ƙare zagaya shi kafin shayinka ya huce. Amma kana gangarowa tashar jiragen ruwansu sai ka ci karo da wasu dogayen gine-ginen jan bulo manne da jikin tsauni, ciyawa ta fito musu ta ko'ina. Da farko na ɗauka ganuwa ce ta zamanin yaƙi. Ashe rumbuna ne, sai dai tsakuwa ake zubawa a ciki a da.

Sana'a uku suka yi a jere, duk daga dutsen da ke kewaye da su. Wajen 1850 suka fara da fasa wani baƙin dutse mai ɓarewa fallefalle da Turawa ke rufin ɗaki da shi. Ana haƙo shi a nan da kuma Abereiddi, wani wuri a gaɓar teku kusa da nan, a ɗora a taragu, dawakai su ja a kan ɗan layin dogo har bakin ruwa. To, nasu bai kai na arewacin Wales kyau ba, kasuwa ta ƙi. Maimakon su zauna suna kuka, a 1889 suka koma niƙa ɓaraguzan da ake zubarwa suna gasa bulo da su. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai. Bulon ya tsaya a 1912, lokacin kuwa tsakuwar titi ta riga ta karɓe ragama. A fasa dutse mai tauri a kan tsauni, inji ya farfasa, a tace shi gwargwadon girma, kowane ya faɗa rumbunsa. Jirgin ruwa na tsayawa a tasha sai a buɗe bakin rumbu. Na leƙa ɗaya daga cikin kafofin, duhu ne da warin danshi, tsuntsaye sun yi sheƙa a ciki.

A 1931, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, aka rufe aikin, ba a sake buɗewa ba. Gidajen leburorin ma na kamfani ne, sai a shekarun 1980 mazauna suka samu damar saye. Yau masu yawon buɗe ido ne ke riƙe da garin, kuma tsohon ɗakin injin bulo ya zama wurin cin soyayyen kifi da dankali. Na ci, ba laifi, sai dai babu yaji.

Abin da ya sa na tuna ka shi ne Abereiddi. Na bi hanyar ƙafa ta saman tsauni har can, iska kamar za ta ɗauke ni. Tsohon ramin haƙar dutsen an fasa bangonsa, teku ta shiga ta cika shi, ruwan ya yi wani shuɗi mai duhu. Suna kiransa Blue Lagoon, matasa na ta tsalle daga saman kangon gini suna faɗawa. Wallahi sai na ga kududdufan haƙar kuza da muke wucewa muna yara, waɗanda Baba ke hana mu ko kusantarsu. Ni dai yatsa kawai na tsoma, sanyin ya kai mini har ƙashi.

Na ɗauki hotuna, zan turo maka ta WhatsApp, ka nuna wa Baba rumbunan ka ji me zai ce. Ka gaishe da uwargida da yara, kuma don Allah ka faɗa mini yadda damina ta yi muku bana.

Naka har kullum,
Amininka