Resilin a tsohon filin Rumawa na Nîmes: akwai gyara a shirinku na wasanni

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira.

Ni mai sauraron shirinku ne na wasanni, kuma a na makon jiya na ji ɗan'uwa mai gabatarwa ya taɓo maganar tsohon filin kallon nan na Rumawa da ke birnin Nîmes a kudancin Faransa, har ya ce wai tun zamanin Rumawa ake resilin a wurin ba a taɓa fasawa ba, kusan shekara 2,000 kenan, wai su 'yan WWE, kamfanin resilin na Amurka, jikokin mayaƙan nan ne masu takobi da garkuwa. Maganar ta yi daɗi a kunne kam, amma ranka ya daɗe da gyara, don yara na ji kuma gobe za su je majalisa su maimaita har da rantsuwa.

Shi ginin dai tsoho ne ba musu. An gina shi wajen shekara ta 100 miladiyya, jim kaɗan bayan babban filin kallo na birnin Rum, tsawonsa mita 133, faɗi mita 101, tsayi mita 21, hawa biyu kowanne da baka 60, kuma a zamaninsa yana cin mutum wajen 24,000. To amma abin da ake yi a ciki lokacin ba kokawa ba ce. Mutane ne da makamai, yawancinsu bayi da fursunoni, wasu kuma neman kuɗi ne ya kai su, a sare ka da gaske jini ya zuba da gaske, ga kuma farautar namun daji da ake yi a gaban 'yan kallo. Wannan harkar ta mutu tun farkon ƙarni na 5, kuma daga nan sai da aka yi sama da shekara 1,000 ba wanda ya sayi tikitin kallon komai a wurin.

Me ya zama? Ganuwa. 'Yan ƙabilar Bisigot suka toshe ƙofofi suka mai da shi sansanin yaƙi, Musulmin Andalus ma sun riƙe garin daga 725, sai Charles Martel, jagoran 'yan ƙabilar Frank, ya zo a 737 ya cinna wa wurin wuta. Bayan nan kuma talakawa suka tare a ciki, gidaje, lunguna, har da coci biyu, ɗaruruwan mutane suna kwana suna tashi suna shanya a inda ake cewa wai resilin bai taɓa tsayawa ba. Sai a farkon shekarun 1800, zamanin Napoleon, aka tashi mutanen aka rushe gidajen, filin ya sake fitowa fili.

To daga nan ne fa labarin kokawar kuɗi ya fara, kuma wallahi ya fi wancan na mayaƙan daɗin ji, shi ya sa na ga asara ce a bar shi. Kudancin Faransa ƙasar 'yan kokawa ce a lokacin, duk bikin gari sai an yi, kuma da filin Nîmes ya samu sai ya zama fage, ranar hutu a cika a kalli ƙarti suna kama juna, wata rana kuma wasan shanu, don shi wasan bijimi irin na Sifen a 1853 aka fara shi a wurin. 'Yan kokawar nan ba don sunan gari kawai suke yi ba, sana'a ce, ƙungiya-ƙungiya suke yawo da tanti daga kasuwa zuwa kasuwa, mai shela ya tsaya a ƙofa yana zuba musu kirari yana cewa duk wanda ya isa ya fito ya kayar da namu ga kuɗi. Wani tsohon soja mai suna Jean Exbrayat shi ake dangantawa da dokar da aka kafa a 1848 cewa ba a kama ƙasa da ƙugu, ba taɗiya ba ɗaukar ƙafa, wanda duk ya saba kallon kokawar takobi ta Nijar zai ce to ina daɗin, amma haka suka so abinsu. Ita ce daga baya aka laƙaba wa suna kokawar Girka da Rum don ta yi kwarjini, alhali a tantin kasuwar Faransa aka haife ta. Ina jin ma irin wannan sunan ne ya ja mai gabatarwa ya haɗa su da Rumawa.

Kuma suna da taurarinsu. Akwai Arpin da ake wa kirari da mugun mutumin Savoie, akwai Marseille na garin Lapalud wanda ya kayar da shi a Paris, daga baya ga Paul Pons, shi ma ɗan kudu ne daga Sorgues kusa da Avignon, wanda ya ci gasar da aka kira ta duniya a Paris a 1898. Lapalud da Sorgues duk ba su da nisa da Nîmes, ka ga ashe yankin ne ke haifar su.

Yanzu ga inda nake so a tsaya a kai, don kullum aka yi maganar resilin a shirinku sai saƙonni su yi ta shigowa, wannan ya ce ƙarya ce, wancan ya ce Amurkawa ne suka lalata kokawa. Haɗin bakin nan kan wanda zai yi nasara ya girmi talabijin, ya girmi WWE nesa ba kusa ba, kuma dalilinsa ciki ne. Mutumin da zai yi kokawa yau da gobe da jibi, idan kowace ta gaske ce ai kafin wata ya ƙare ya karye, iyali su kwana da yunwa. Sannan kokawar gaske tsakanin ƙarti biyu masu ƙarfi ɗaya tana iya ɗaukar lokaci mai tsawo ana riƙe-riƙe ba kaye, ɗan kallo ya yi hamma ya tafi gobe ba zai dawo ba. Sai masu tanti suka gano dabara, wanda zai fito daga cikin taro yana cika baki cewa shi zai kara, sau da yawa nasu ne, kamar dai mai tallar magani a kasuwa da wanda ke fitowa yana rantsuwa cewa ya sha ya warke. Mutanen garin su goyi bayan "nasu", a yi ihu, a sake sayen tikiti. Ni a ganina wanda ya zauna a kan dutsen Nîmes a 1860 ba wawa ba ne, ya san akwai lauje cikin naɗi, yana so ne kawai a yi masa abin da kyau.

Shi kuwa resilin irin wanda muka sani, mai igiya da tsalle da shaƙe wuya, a shekarun 1930 ya shiga Faransa, ta hannun Raoul Paoli da Henri Deglane. Deglane ɗin nan fa ba abin wasa ba ne, shi ya ci zinare a kokawar manya masu nauyi a Olamfik ta Paris a 1924, ya tafi Amurka neman kuɗi, a 1931 a Montreal ya karɓe kambun duniya daga hannun Ed Lewis bayan ya nuna wa rafari shaidar cizo a hannunsa aka kori Lewis, har yau ana gardamar waye ya yi cizon, wasu na cewa daga ɓangarensa ne. Zuwa shekarun 1950 da 1960 abin ya mamaye talabijin ɗin Faransa, ga L'Ange Blanc mai farin rufin fuska, ga abokin gabarsa Bourreau de Béthune, a nan kuma wani ƙaton saurayi André Roussimoff ya fara, wanda mu muka sani a kaset da André the Giant, wanda Hulk Hogan ya ɗaga ya maka da ƙasa a 1987. Mutane da yawa a nan har gobe suna ɗauka André Ba'amurke ne.

Saboda haka lokacin da WWE ta kai wasanta filin Nîmes wajen 2010 aka kafa ringi a tsakiyar yashi, ba wani baƙon abu ta kai musu ba, sun daɗe da sanin kokawar kuɗi tun kafin ta zo. Idan ana son a ce tsohon tarihi to a ce kusan shekara 200, wannan ma ai ba kaɗan ba ne, ba sai an ƙara masa 1,800 na aro ba.

Roƙona Malam Edita, a ba mai gabatarwa ko minti 10 ne a shiri na gaba ya dawo kan maganar, ya raba zamanin masu takobi daban, zamanin da filin ya zama unguwa daban, zamanin 'yan tanti daban. In da hali kuma a samo wani tsohon ɗan kokawa a tambaye shi ko zai iya kaye ba tare da ya taɓa ƙafa ba, ina son in ji amsarsa. A gaida duk ma'aikata, musamman mai karanta saƙonni da ke haƙuri da rubutunmu.

Naku mai sauraro,
daga Kano