A zauna da majinyata kafin a tsara gwajin magani

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe, a 2005 gwamnatin Kamaru ta dakatar da gwajin tenofovir, wani maganin cutar ƙanjamau, a Duwala, bayan ƙorafin cewa ba a yi wa matan da suka shiga cikakken bayani ba. Gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, har yau bai bar bakin mutanenmu ba.

Tsohuwar da aka miƙa wa takardar yarda da shiga gwaji da Faransanci ta dangwala yatsa, ina yardarta? A karanta mata da Hausa ko Fillanci. A kuma nemi shawararta tun farko, don ita ta san ranar kasuwa ba za ta je asibiti ba, ita ke biyan kuɗin babur. In an gama, a dawo a faɗa mata sakamako.

Mai karatunku daga Garwa