Kafin a sayi saunkad, a ƙirga kafofin makirufo

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna neman ɗan fili a jaridarka domin matasan da ke haɗa ƙaramin sutudiyo a gida, musamman masu son ɗaukar mawaƙi da 'yan amshinsa da makaɗansa a zama guda. Na'urar da ke kai sauti cikin kwamfuta, wadda 'yan sutudiyo ke kira saunkad, a wajen sayenta aka fi tafka asara, kuma asalin asarar lambar da aka rubuta a jikin kwali ce.

Mutum zai ga an rubuta 18, ya ɗauka makirufo 18 zai jona. Ba haka ba ne. A Behringer UMC1820, alal misali, kafofin makirufo 8 ne kacal. Wasu layuka 8 ta ADAT suke shigowa, 2 kuma ta S/PDIF, wato kafofin dijital da ba a jona musu makirufo kai tsaye, kuma duka goman ba su da amfani sai an sayi wata na'urar daban. Haka Focusrite Scarlett 4i4: makirufo biyu take ɗauka, sauran kafofi biyun na fiyano ne ko wani abu mai fitar da sauti da ƙarfinsa. Abin da za a ƙirga shi ne kafofin nan masu rami uku da ake kira XLR, domin bayan kowace akwai amfilifayar da ke ɗaga raunanan sautin makirufo.

Akwai wani tarkon. Ƙananan mikisa masu USB irin Yamaha MG10XU suna karɓar makirufo da dama, amma layi biyu kawai suke tura wa kwamfuta, hagu da dama. An riga an cakuɗe komai. In kalangu ya danne muryar mawaƙi, babu gyara sai a sake ɗauka.

To nawa ake bukata? A zauna da takarda. Mawaƙi makirufo ɗaya, 'yan amshi uku ko huɗu su raba biyu, kalangu biyu kowanne da nasa, ganga ɗaya: shida ke nan. In akwai fiyano, ƙarin layi biyu. Wannan aikin mai kafa takwas ne. Wanda kuwa murya da gurmi ko kuntigi da amshi kaɗan zai riƙa ɗauka, Behringer UMC404HD mai kafa huɗu ta ishe shi, kuma tana cikin mafi araha. A masu takwas, UMC1820 da Tascam US-16x08 sun fi Scarlett 18i20 sauƙin kuɗi. Tascam ɗin tana da makirufo 8 da wasu layuka 8 na kayan kiɗa a jikinta, sai dai ba ta da ADAT, don haka ba a yi mata ƙari ta wannan hanya. A ganinmu, wanda yake sa ran ƙungiyarsa za ta girma, gara ya ɗauki mai ADAT tun farko.

Ga yadda ƙarin yake. Ana sayen na'ura irin Behringer ADA8200 mai kafa 8, a haɗa ta da saunkad da siririyar waya mai ɗaukar haske, makirufo su zama 16. Sharaɗi biyu ne. Na farko, ADAT layi 8 take ɗauka a 44.1 ko 48 kHz, wato awon saurin da na'ura ke ɗibar sauti. Da an haura zuwa 96 sai su koma 4, ita ADA8200 ma ba ta wuce 48. Na biyu, dole ɗaya daga cikin na'urorin ta zama mai ba da agogo, wato bugun da ke daidaita saurin aikinsu, ɗayar ta bi. In kowace tana bin nata agogon, za a ji ƙas-ƙas a cikin ɗaukar, mutum ya yi ta canza waya a banza.

Sai wutar fantom, bolt 48 da saunkad ke turawa ta wayar XLR, wadda nau'in makirufon da ake kira kondensa ke bukata. A na'urori masu araha ba kowace kafa ke da makunninta ba. UMC404HD makunni ɗaya ne ga duka huɗun, UMC1820 kuma huɗu-huɗu. Makirufo dainamik, nau'in da ba ya bukatar wannan wuta, irin Shure SM57, ba ruwansa da ita muddin wayar XLR lafiyayya ce, amma wayar da aka yi wa ɗaurin gaggawa tana iya jawo ɓarna. A jona makirufo tukuna, a rage sifika, sannan a kunna fantom.

A Windows, a sauke direban ASIO na kamfanin na'urar, wato 'yar manhajar da ke haɗa saunkad da kwamfuta, a zaɓe shi a cikin manhajar ɗaukar sauti irin FL Studio ko Cubase ko Reaper. Ba tare da shi ba, sau da yawa layi biyu kawai za a gani, ga jinkiri. Jinkirin nan lissafi ne, ya danganta da bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa: bafa 128 a 48 kHz kusan miliseken 2.7 ne, 256 kusan 5.3, 1024 kuma ya haura 21, kuma wannan na shiga ne kaɗai, ban da na fita. Mawaƙin da yake jin muryarsa a makare ba zai zauna kan kiɗa ba. A ɗauka a 128 ko 256, a mayar 1024 lokacin haɗa sauti. In kwamfutar ba ta da ƙarfi, a bar bafar da girma, a juya maɓallin sauraron kai tsaye da ke jikin saunkad.

A ɗauka a bit 24, 48 kHz. Layi ɗaya yana cin kusan megabait 8.6 a minti, takwas kuma su haura gigabait 4 a awa. Wajen saita ƙarfi, a sa makaɗi ya doka iya dukan da zai yi in waƙa ta yi zafi, a tsayar da ƙololuwa wajen -12 zuwa -10 dB a ma'aunin ƙarfin sauti. Kalangu yana da tsalle. Wanda ya saita shi da ɗan taɓawar gwaji zai ga jar fitila a tsakiyar waƙa, kuma sautin da ya fashe ba ya ɗinkuwa.

Ɗaki ɗaya da makirufo shida, dole kowanne ya tsinci sautin maƙwabcinsa. A matso da kowane makirufo kusa da mai shi, nisan da ke tsakanin makirufo biyu kuma ya ninka wannan sau uku aƙalla. A juya wa ganga bayan makirufon mawaƙi. Dainamik ya fi kondensa rufin asiri a ɗakin da ba a yi wa gyaran hana amsa-kuwwa ba.

Wutarmu ma sai an yi da ita. Gurnanin 50 Hz yakan taso idan kwamfuta da sifika da saunkad suna soket daban-daban, ko cajar laftof ba ta kirki ba ce. A tara su a soket guda. In an cire caja gurnanin ya ɗauke, an gano mai laifi. Masu kafa takwas ba sa aiki da wutar USB kaɗai, don haka a sa musu UPS, kar a sauya zuwa janareta ana tsakiyar ɗauka.

Wanda zai sayi ta hannu, ya tafi da makirufo da waya da hedifon, ya gwada kafofin ɗaya bayan ɗaya, ya murza kowane maɓalli ya ji ko yana ƙarar yashi. Ya kuma ware kuɗin wayoyi da sandunan makirufo da ƙaramar amfilifayar hedifon irin Behringer HA400 mai kai huɗu, domin UMC1820 mutum biyu kawai take ba hedifon, Tascam ɗin kuma ɗaya.

Mun gode da wannan fili.

Wasu masu haɗa sauti,
Kano.