Wasiƙar ƙorafi a kan ɗaukar keke da babur a motocin Damagaram zuwa Yamai

Zuwa ga Babban Darakta,
Kamfanin sufurin fasinja da ke bin hanyar Damagaram zuwa Yamai.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin sau biyu ina kai kukana tasharku ta Damagaram, ban samu wanda ya rubuta ko da sunana ba. Ƙorafina a kan yadda kuke karɓar keke da babur ne: babu farashi a rubuce, babu takardar shaida, idan kuma kaya ya lalace babu mai ɗaukar alhaki.

A farkon shekarar karatun nan na raka ɗana Yamai, inda ya samu gurbi a Jami'ar Abdou Moumouni. Zai zauna a gidan ƙanena cikin gari, jami'a kuwa tana ƙetaren kogi a Harobanda, saboda haka muka tafi da kekensa, don kuɗin tasi safe da yamma ya fi ƙarfin aljihuna. Da na yanki tikiti na tambayi kuɗin keke, sai aka ce in je wurin masu lodi. Na farko ya ce jikka uku. Kafin mu gama magana wani ya zo ya ce jikka biyar, wai keke yana cin wuri. Aka yi ta ciniki kamar ana sayar da akuya a kasuwar Dole, daga ƙarshe na biya jikka huɗu, na nemi rasit aka ce ba a ba da rasit a kan keke.

Da idona na ga an kwantar da shi a wurin kaya na ƙarƙashin mota, babu igiya, babu ko kwali a kansa. A Maraɗi aka buɗe aka ƙara kaya, a Birnin Ƙonni aka ɗora buhuna. Na sauko na roƙi yaron mota ya tayar da keken ya jingina shi gefe, ya ce direba yana sauri. Tafiyar kusan kilomita 900 ce, kuma kowa ya san yadda mota ke girgiza a wasu sassan hanyar. Da muka isa Yamai ƙafar gaba ta lanƙwashe, birki ya tsinke, sirdi ya karye. Ofishinku na can ya ce in koma inda aka yi lodi, na nan kuma ya tambaye ni takardar keken, takardar da ma'aikatanku suka hana ni.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya wuce asarar keke. A wannan tafiya an shigar da babur a wurin kayan ba tare da an tsiyaye man da ke tankinsa ba. Tun daga Tasawa warin fetur ya cika bayan mota, inda mata ke zaune da jarirai. Motar da ta ɗauki mutane da yawa, ga zafin inji, ga zafin rana, ga fetur yana ɗiga a kan buhuna, Allah ne kawai ya kiyaye.

Ranka ya daɗe, mu a Damagaram ba mu da jirgin ƙasa. Layin dogon da aka ƙaddamar tsakanin Yamai da Doso a 2016 bai zama hanyar tafiyar jama'a ba, wanda ake ginawa daga Kano kuwa a Maraɗi zai tsaya. Ke nan nauyin da jirgi ke ɗauka a wasu ƙasashe ku ne kuke ɗauke da shi a nan, kuma a can doka a rubuce take. A Faransa, mai shiga jirgin ƙasa mai sauri da ake kira TGV ya san cewa idan ya kwance kekensa ya sa shi a jakar da ba ta wuce santimita 130 a tsawo da 90 a faɗi ba, a matsayin kayan hannu za a ɗauke shi, idan kuwa bai kwance ba sai ya kama masa wuri tun wajen sayen tikiti. A Landan, tun watan Disamba na 2021 aka hana shiga jiragen birnin da ƙananan baburan lantarki da ake tuƙawa a tsaye, saboda gobarar da batirinsu ke haddasawa. Ban ce ku kwaikwayi kowa ba, amma takarda guda da aka liƙa a bangon tasha ba ta fi ƙarfinku ba.

Saboda haka ina roƙon ku rubuta kuɗin keke da na babur zuwa kowane gari, a riƙa biya a inda ake yankan tikiti, a ba mutum rasit mai lamba, a liƙa irin lambar a jikin abin hawansa kamar yadda kuke yi wa akwati. Kada a ƙara karɓar babur sai an tsiyaye mansa a gaban mai shi. Idan mota ta cika, gara a gaya wa fasinja gaskiya ya jira ta gobe, da a danne kekensa da buhu.

Keken yana wurin mai gyara a Yamai, yaron kuma yana zuwa makaranta a ƙasa. Tikitinmu biyu suna hannuna, da takardar kuɗin gyara, zan kawo su tasharku ta Damagaram ranar Litinin da safe, kuma ina neman a biya ni.

Wassalam.

Wani fasinjanku,
daga unguwar Birni, Damagaram.